Darasi Na Tara: Tanadin Ruwa A Garuruwa Masu Bunƙasa, Misalin Gwarzo Da Kabo

Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda ake tsara samar da ruwan sha ga gari mai bunƙasa, tare da la'akari da sauyin yanayi. An ɗauki Gwarzo da Kabo, da ke yammacin Jihar Kano, a matsayin misali.

Yanayin Yankin

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma ruwa ya fi ƙarfi a watan Agusta. Ƙarƙashin ƙasar dutse ne mai tauri, ruwa yana taruwa ne kawai a tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen dutsen da ke sama. Saboda haka rijiyoyi da dama kan ja baya ko su ƙafe da bazara. Wannan ne ya sa aka karkata ga tare ruwan sama. Gwamnatin Audu Baƙo (1967-1975) ce ta ɗora harsashin gina madatsun ruwa a jihar. A yau akwai madatsar Guzuguzu a Kabo, da ta Watari a Ɓagwai, da ta Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992.

Abubuwan Da Mai Tsari Zai Auna

Na farko shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Gwarzo tana da mutane sama da 180,000, ta Kabo kuwa sama da 150,000. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara takan ninka cikin kimanin shekara 24. Ke nan bututun da aka auna da jama'ar yau zai gaza tun kafin ya tsufa.

Na biyu shi ne fari. Farin 1972-1973 da na 1983-1984 sun nuna cewa da shekarar ƙamfa ake auna girman ma'ajiyar ruwa, domin shekarar yalwa ruɗi gare ta.

Na uku shi ne ambaliya. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, ta Alau kuma ta malale Maiduguri a watan Satumbar 2024. Wajibi ne mafitar rarar ruwa ta kasance mai faɗi, a riƙa duba bangon madatsa kafin kowace damina.

Na huɗu shi ne cikowar yashi. Sare itatuwa da noma har bakin rafi suna sa zaizayar ƙasa, laka ta kwanta a madatsa, ta rage mata zurfi. Maganin wannan shi ne dasa itatuwa a magudanan da ke shayar da ita.

Kammalawa

Madatsa kaɗai ba ta kai ruwa gida. Sai an haɗa ta da matatar ruwa, da wutar tura shi, da tankuna, da kuɗin gyara. Haka kuma gari ya tanadi rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, don kada ya dogara da tushe guda. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani: tarihin fari da ambaliyar yankin shi ne ma'aunin farko ga mai tsari.

Auna Fahimta

1. Me ya sa rijiyoyin yankin Gwarzo da Kabo kan ƙafe da bazara?
2. Kawo ma'anar waɗannan kalmomi: ƙamfa, zaizaya, matata.
3. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan tattalin ruwa.