Yadda Ake Bin Diddigin Wasan Ces Bayan An Sha Kaye

Ɗan koyo in aka cinye shi a ces, sai ya yi maza ya jera ’ya’yan wasa ya ce a sake. Dakata tukuna, nemo takarda da biro.

Aikin farko shi ne rubuta wasan yadda ya gudana, tun bai gushe maka ba. Allon gida 64 ne, kuma kowane gida da sunansa: harafi daga a zuwa h, lamba daga 1 zuwa 8. Ana sa K don sarki, Q don sarauniya, R don hasumiya, B don bishof, N don doki. Soja ba shi da harafi, sunan gidan da ya taka kawai ake rubutawa. Alamar x tana nufin an ci wani, + kuma an kai wa sarki hari.

Daga nan ka sake buga wasan kai kaɗai, da ’ya’yan wasa a hannu, ba tare da kwamfuta ba. Duk inda ka tuna ka tsaya kana tunani, rubuta abin da ke ranka a lokacin, ko da abin kunya ne: "na ji tsoron dokinsa", "ban ga sarauniyarsa ba sam". Nan mutane suke ha’inci, su rubuta dabarar da ta zo musu bayan an tashi. Mikhail Botvinnik, wanda ya zama zakaran duniya a 1948, ya shahara da tilasta wa almajiransa nazarin wasanninsu da kansu.

Sai neman inda ɓarakar ta fara. Ga wani buɗi da ’yan koyo suke yawan faɗawa, baƙi ne ke shan wuya: 1.e4 e5 2.Nf3 f6 3.Nxe5 fxe5 4.Qh5+. Idan baƙi ya tare da g6, sarauniya ta ci e5 da hari, ta wuce ta ɗauke hasumiyar h8. Idan sarki ya fito e7, sai a yi ta korarsa a tsakiyar fili. Mai wasan zai so ya ɗora laifin a taku na 4, inda ya ji zafi. Amma ba a nan aka faɗi ba, ruwa ne ya kawo gawa. Koma baya. A taku na 3 ya ga doki a banza ya cafke, bai tambayi kansa me ya sa aka ba shi ba. Wannan ya cancanci alamar ??, wato babban kuskure. Da ya fito da sarauniya e7, da ya maido sojansa, ko da yake zai kasance a baya wajen fito da mayaƙa. A taku na 2 kuwa f6 ta samu alamar ? guda, wato kuskure: ta tare wa dokinsa gidan da ya fi dacewa da shi, ta kuma buɗe hanya daga h5 har kan sarki. Nc6 tana tsare sojan e5 ɗin nan, ga doki ya fito. Abin dariya, ana kiran wannan buɗi da sunan Pedro Damiano, ɗan Fotugal da ya kushe shi a littafinsa na 1512.

Sai yanzu za ka kunna kwamfuta. Zuba wasan a shafin Lichess, injin Stockfish zai auna kowane taku da lamba, kyauta. +1 kusan ribar soja ɗaya ce ga fari. Kada ka kwafi dogayen layukan da yake jerowa, ba za ka tuna su a gaban abokin karawa ba. Duba wuraren da lambar ta yi tsalle, ka gwada da alamominka. Inda kuka dace, madalla. Inda ya ga abin da ya wuce ka, tsaya sai ka iya bayyana dalilin da bakinka.

A ƙasan takardar rubuta jimla ɗaya da za ka iya aiki da ita gobe, kamar "kada in taɓa sojan f kafin sarki ya shige lungu". In ka tara wasa goma, karanta jimlolin a jere. Sau da yawa za ka tarar uku ko huɗu magana ɗaya suke yi, to ita za ka sa a gaba a wasa na goma sha ɗaya.