ALLURAR RIGAKAFIN MURA GA MANIYYATA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

'Yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi maniyyata aikin Hajji, musamman dattawanmu na Ikara da Makarfi da Kudan. Hukumar Saudiyya ta wajabta wa kowane alhaji allurar sanƙarau, kuma tana ba da shawara a haɗa da ta mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwanza. Amma wasu suna gudunta, wai ita ce ke kawo ciwon.

To, ga gaskiyar al'amari. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar, saboda haka ba ta iya sa wa mutum mura. Abin da akan ji shi ne zafi ko kumburi a damtse, da ɗan zazzaɓi, da ciwon kai ko na jiki. Kwana ɗaya zuwa biyu sukan wuce. Wannan kuwa alama ce jiki ya soma shirin kare kansa, shirin da kan ɗauki kamar mako biyu. Don haka a yi ta tun kafin tafiya da wuri, kada a bari sai ana haramar shiga jirgi.

Akwai kuma illa mai haɗari, wadda takan sami kamar mutum ɗaya cikin miliyan: kumburin fuska da maƙogwaro, da sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan allurar. Wanda ya ga haka, a garzaya da shi asibiti nan take. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa kuwa, lalle ya gaya wa malamin asibiti tun kafin a yi masa.

Sai mu auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan mura tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara, tsofaffi da masu ciwon sukari ko na zuciya suna cikin waɗanda ta fi kayarwa. Malaman fiƙihu kuwa sun kafa ƙa'ida cewa idan cuta biyu suka haɗu, a ɗauki ƙaramar don a tsira daga babbar. Ina ciwon damtse na kwana biyu, ina kwanciya a Mina mutane suna jifa?

Allah Ya ba mu lafiya, Ya karɓi ibadar alhazanmu, amin.