DARASI DAGA TAFASHIYA: RIKICIN MULKI DA AIKIN UWA A GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah Mai bayar da mulki ga wanda Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yar uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da yawancinmu muke ɗauka maganar maza ce, wato rikicin sarauta da zanga-zanga.

A ƙarshen watan Yuli na 2024, bayan an tashi daga ajin matan aure, wata baiwar Allah ta tsaya har kowa ya watse. Ta ce, "Malama, yarona ya ce sai ya bi abokansa Kano ranar da za a fita. Babansa yana Legas. In na hana shi, ya ce ai ni ma ina kukan tsadar masara. Me zan ce masa?" Wallahi tambayar ta tsaya mini a rai, domin yaron bai yi ƙarya ba, uwar kuma tsoronta a kan hanya yake. Don amsa irin wannan tambaya nake so mu fara waiwayar tarihin ƙasarmu.

Abin da ya faru a ƙofar gidanmu

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, alhali da yawa daga 'ya'yan sarki sun fi son Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ki lura, Bello da Abdullahi duk 'ya'yan Sarki Ibrahim Dabo ne, ke nan Tukur da Yusufu ɗan wa da ɗan ƙane ne. Yusufu ya fice da jama'arsa zuwa Takai, aka shiga abin da ake kira Basasar Kano. Da Yusufu ya rasu a 1894, ɗan uwansa Aliyu Babba ya ja ragamar, ya shiga birni, Tukur ya yo gudun hijira ƙasar Katsina. A watan Maris na 1895 aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, wadda take cikin ƙaramar hukumar Kankia, inda Tukur ya samu raunin da ya yi ajalinsa. To kin ji, faɗan gidan sarautar Kano a gonakin kakanninmu ya ƙare. Bayan shekara takwas kacal, a 1903, Turawa suka ci Kano, shi ma Aliyu ya rasa gadon.

Ita ma Katsina ba ta tsira daga wannan ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarauta ta bar gidan sarakunan Haɓe ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje, waɗanda aka ture suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, aka ɗauki shekaru ana kai wa juna hari. Dallazawa sun riƙe ƙasa kusan shekara ɗari. Da Turawa suka zo, suka cire Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, a 1906 suka cire shi ma, suka ɗora Durbin Katsina Muhammadu Dikko daga Sulluɓawa. Daga shi sai Usman Nagogo a 1944, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008. A kowane canji an samu gidan da ya ga an ƙwace masa haƙƙi, an kuma samu gidan da ya ga Allah ne Ya ba shi.

A zamaninmu kuma, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta raba masarautar Kano biyar a 2019, ta cire Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ranar 9 ga Maris 2020, ta naɗa Aminu Ado Bayero. Ranar 23 ga Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe wancan tsari ya mayar da Sanusi, Aminu ya sauka a gidan Nasarawa, magana ta tafi kotu. Su ma duka biyun jikokin Dabo ne.

Me za mu ɗauka a nan? Na farko, masu jayayyar yawanci 'yan gida ɗaya ne, suna haɗuwa wajen biki da jana'iza. Na biyu, tarihi ya riƙe sunan Tukur da Aliyu, amma bai riƙe sunan manomin da aka ƙone wa rumbu ba, balle matar da aka mayar bazawara. Ɗan talaka ne ake binnewa, uwarsa ce take zaman makoki.

Zanga-zangar Agusta 2024

Wannan ita ba ta sarauta ba ce, ta yunwa ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi sama, ke ma shaida ce. An shirya fita ta kwana goma daga 1 ga Agusta. A ranar farko aka fasa shaguna da ma'aikatu a Kano. A jiharmu aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Dutsinma, sauran wurare kuma daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a faɗin ƙasa, rundunar 'yan sanda ta musanta. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama a kotun tarayya a Abuja, cikinsu har da ƙananan yara, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan goma a kan kowane ɗaya. Sai da duniya ta yi ca, sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ki tambayi kanki, 'yar uwa, da naki ne a ciki, ina za ki samo miliyan goma?

Mene ne addini ya koyar?

Kada wani ya ce miki Musulunci ya ce talaka ya kama bakinsa ko da ana cutarsa. Manzon Allah (SAW) ya sanya nasiha ga shugabanni cikin ginshiƙin addini, ya kuma yabi faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Khaula 'yar Sa'alaba mace ce, ta kai kukanta gaban Annabi (SAW) ta yi ta nanatawa, har Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Shehu Usmanu da kansa ya yi rubutu yana sukar harajin zalunci da cin hancin alƙalai. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 40, ya ba mutane 'yancin taruwa cikin lumana.

Amma akwai ƙa'idar da malamai suka kafa: ba a gusar da ɓarna da abin da zai haifi ɓarnar da ta fi ta. Jini da dukiya da mutuncin mutane haramun ne, ko ranar tarzoma ce. Buhun shinkafar da aka fasa shago aka ɗebo bai zama halal don gwamnati ta yi laifi ba. Ki duba Sayyidina Hasan ɗan Ali (RA). Yana da mubaya'a, yana da runduna, amma a shekara ta 41 bayan Hijira ya sauka ya bar wa Mu'awiya (RA) don kada a ci gaba da zubar da jinin Musulmi, har aka kira shekarar da shekarar haɗin kai. Game da zanga-zangar lumana kanta, malamanmu sun saɓa, wasu sun halatta da sharaɗi, wasu sun hana saboda abin da take jawowa. Amma a kan fashe-fashe da ƙone-ƙone babu saɓani.

Aikinki a gida

1. Ki tantance labari. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin da ya zo mana. Saƙon murya na WhatsApp wanda ba a san mai shi ba, kada ki tura. Bidiyon da aka ce na jiya ne, sau da yawa na shekarun baya ne ko na wata ƙasa.

2. Ki gyara harshe a gaban yara. In kullum kina tsine wa sarki kaza ko gwamna kaza a tsakar gida, yaro zai tashi da ƙiyayyar mutumin da bai taɓa gani ba. Ki faɗi laifin da aka yi, ki bar zagin iyaye da asali.

3. Ki san inda ɗanki yake. Su wa suka kira shi? Wa ya biya kuɗin mota? Mai tura shi ya turo nasa ɗan? Kankia da Yashe suna kan titin Kano zuwa Katsina, cikin awa biyu yaro ya ɓace miki.

4. Ki ba maigida shawara cikin ladabi. A Hudaibiyya, lokacin da ran sahabbai ya ɓaci, shawarar Ummu Salama (RA) ce Annabi (SAW) ya bi, al'amari ya warware.

5. Ki nuna wa yaro ƙofar da za a kai kuka. Akwai mai unguwa, dagaci da hakimi, akwai kansila, akwai ɗan majalisar da ke wakiltar Kankia, Kusada da Ingawa a Abuja. Mata ashirin da suka tafi tare da takardar koke a kan rijiyar burtsatse ko asibitin da babu magani, ba a cika raina su ba. Katin zaɓenki ma murya ce, kada ki sayar da shi a kan taliya da sabulu.

Ita waccan baiwar Allah, abin da na ce mata shi ne kada ta ƙaryata yaron, domin yunwar gaskiya ce. Ta zaunar da shi, ta kira babansa a waya su yi magana su uku, ta tambaye shi wanda zai tsaya masa in an kama shi. Yaro ya fi jin uwar da ta saurare shi a kan wadda ta fara da ihu.

Tambayar bita ga masu karatu a aji: mene ne bambancin nasiha ga shugaba da tayar da fitina? Ku tattauna, ku kawo misali daga unguwarku.

Allah Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.