Taro Iri Biyu

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-31, 19:23-41

Ɗan'uwa mai karatu, kalmar "taro" ta fito daga "tara", wato a haɗa abin da yake warwatse. Muna da taron suna, taron biki, taron kasuwa, da taron ikilisiya. A nan Gadarif, babban taron shawara da Larabci ana ce da shi "mu'utamar". Ita ma kalmar "ikilisiya" daga Helenanci take, ma'anarta jama'ar da aka kira su taru.

Luka ya yi amfani da wannan kalma har ga 'yan hargitsin Afisa. Dimitiriyas maƙerin azurfa ya zuga mutane domin cinikinsa yana faɗuwa. Suka yi wajen awa biyu suna ihu, yawancinsu kuwa ba su san abin da ya tara su ba. Wannan shi ne taron tsintsiya ba shara.

Dubi taron Urushalima kuma, wajen shekara ta 49. Gardama ta tashi a Antakiya, ko dole ne a yi wa al'ummai kaciya kafin su sami ceto. Manzanni da dattawa suka zauna. Aka yi muhawara sosai, Bitrus ya yi magana, sa'an nan jama'a suka yi shiru suka saurari Barnaba da Bulus. Yakubu ya auna maganar da Littattafan annabawa. Suka rubuta wasiƙa, suka aiki Yahuza da Sila da ita. Da aka karanta ta a Antakiya, 'yan'uwa suka yi murna.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, mutane da yawa sun gudo Gadarif daga Khartum da Wad Madani. Baƙo da ɗan gari, kabila dabam dabam, suna zaune a benci ɗaya. Idan aka zo rabon dawa ko zaɓen dattijo, zuciya takan yi zafi. A nan ne za ka zaɓa, ko Afisa ko Urushalima.

Kafin ka tafi taro na gaba, ka tambayi kanka: me ya kai ni? Zan iya yin shiru in saurari wanda ba ma shiri da shi?

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni kunnen ji. Bari Ruhu Mai Tsarki ya shugabanci taronmu, domin raunana su koma gida da murna. Cikin sunan Yesu, amin.