Ido Ke Gani, Ƙwaƙwalwa Ke Fassarawa: Taimakon Ɗalibin da Haruffa ke Rikitawa

Gabatarwa

Ba wuya malami a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu ya ci karo da ɗalibi mai kaifin basira a baka, amma da an miƙa masa littafi sai ya daburce. Ya karanta "bawa" a maimakon "dawa", ko "fita" a maimakon "tafi", ko ya tsallake layi bai sani ba. Sau da yawa akan kira shi daƙiƙi, a haɗa masa da bulala, har karatun ya fita ransa. Manufar wannan darasi ita ce bayyana asalin matsalar da abin da malami zai iya yi.

Yadda Gani ke Aukuwa

Aikin ido shi ne karɓar haske da aika saƙo ta jijiya zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Can ne ake tantance siffar abu da inda ya fuskanta. Tun yaro na ƙarami ya san cewa buta buta ce, ko bakinta ya dubi dama ko hagu. Rubutu kuwa ya saɓa wa wannan ƙa'ida, domin da an juya "b" ta zama "d". Yaron ƙasar Hausa yana da ƙarin nauyi: dole ya lura da lanƙwasar da ta raba "kafa" da "ƙafa", ga kuma karatun allo daga dama zuwa hagu, na boko daga hagu zuwa dama. Juya haruffa ba abin damuwa ba ne ga mai shekara 6 ko 7. Idan ya ɗore har sakandare, to akwai buƙatar bincike.

Matsaloli Uku Masu Kama da Juna

Ta farko ita ce raunin idon kansa. Ana gane shi da allon gwajin da likita Herman Snellen na ƙasar Holan ya ƙirƙiro a 1862, wanda ake karantawa daga nisan mita 6. Galibi tabarau ke magance shi.

Ta biyu, ido lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa na wahala wajen tantance siffa da jerin haruffa, musamman idan sun cunkushe.

Ta uku ita ce disileksiya. A 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya kira ta makantar kalmomi, amma yanzu masana sun gano cewa yawanci tushenta wahalar haɗa harafi da sautinsa ne.

Abin da Malami Zai Yi

1. A fara da ido. A tsai da ɗalibi a bayan aji, ya rufe ido ɗaya ya karanta allo, sannan ya sauya. Idan akwai shakka, a shawarci iyaye su kai shi asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

2. A zaunar da shi a gaba, inda hasken taga ba ya ƙyalli a kan allo. Allon da ya koɗe a sake baƙanta shi.

3. A yi rubutu manya-manya, a bar tazara. Wani bincike na 2012 a kan yaran Italiya da Faransa masu disileksiya ya nuna cewa ƙara tazara tsakanin haruffa na rage kurakuransu.

4. Ya riƙa ɗora rula ko tsagin kara a ƙarƙashin layin da yake karantawa.

5. A sa hannu da kunne su taimaki ido: ya zana harafi a yashi, ko ya gina shi da laka, yana furta sautinsa. Kada a koyar da "b" da "d" rana ɗaya.

6. A rage masa kwafe daga allo, a ƙara masa lokaci a jarrabawar aji, kuma kada a tashe shi karatu gaban jama'a ba shiri.

A yi hattara da tabarau masu launi da ake tallatawa a matsayin magani, domin bincike bai tabbatar da amfaninsu ba.

Kammalawa

Yawancin waɗannan matakai ba sa cin ko kwabo. Ku kuma ɗalibai, ku daina yi wa ɗan'uwanku dariya; ku karanta masa da ƙarfi yana bin layi da yatsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.