Kada Matsi Ya Kai Ka Gidan Boka

Yawanci matsi ne ke kai mutum wurin boka. Aure ya shekara biyar ba haihuwa, kasuwa ta ƙi ci, yaro yana fama da ciwon da aka rasa kansa. Sai maƙwabciya ta raɗa miki cewa akwai wani mutum a ƙauye, aikinsa kamar yankan wuƙa.

Boka yana alkawarin biyan buƙata nan take, amma bashinsa ba ya ƙarewa. Yau baƙar kaza, gobe akuya, jibi ya ce surukarki ce ta yi miki sammu. Zumunci ya lalace, tsoro ya zauna a gida, zuciya ta bar dogara ga Ubangiji. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana duba da sihiri. Sarki Saul ya je wurin mabiya a Endor da dare, bai samo komai ba sai labarin mutuwarsa.

Idan damuwa ta yi yawa, a faɗa wa fasto ko wani dattijon ikilisiya, a yi addu'a tare. Idan ciwo ne, a koma asibiti. Wanda ke da laya ko guru a ɓoye, ya fito da su ya ƙone, kamar yadda masu bi na Afisa suka ƙone littattafansu na sihiri. A kuma yi hattara da mai sayar da "ruwan albarka" da sunan annabci.

Wanda ya riga ya shiga harkar boka, ƙofar tuba a buɗe take. Dawo yau, ɗan'uwa, Yesu ya isa.