Yadda Ake Zaɓen Injin Tsaga Katako Mai Zarton Sarƙa

Na'urar da ake kira Alaskan, wadda kamfanin Granberg na Amurka ya yaɗa a duniya, firam ce ta alminiyam da ake ɗaura wa zarto mai sarƙa domin ta riƙe shi a kwance, ta hana shi karkacewa yayin da yake ratsa gungume ta tsawo. Kamfanin Logosol na Suwidin, wanda aka kafa a 1989, ya yi fice da wani samfurin mai kama da benci: a ɗora gungumen a kai, zarton ya bi layin ƙarfe. Masu saye kan fara da tambayar wanne ya fi, alhali wannan ce tambayar da ya kamata ta zo ƙarshe. A ganina gungume ne ke zaɓar inji, don haka awon itace ya riga zuwa kasuwa.

Da farko a auna faɗin gungumen da za a riƙa samu yau da gobe, a bar lissafin ƙaton da za a ci karo da shi sau ɗaya a shekara. Wannan awon ne zai nuna tsawon takobin zarto, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. A nan ake yawan yin asara, domin maƙallan firam na cinye inci 4 zuwa 6 na takobin. Mai gungume mai faɗin inci 24 takobi mai inci 30 yake buƙata. Shi kuma takobin ne zai nuna girman inji. Yankan itace ta gicciye aikin daƙiƙoƙi ne, amma tsaga ta tsawo na tilasta wa inji ya yi mintuna yana gudu da cikakken ƙarfi, haƙoran sarƙa duk sun nutse cikin itace. Ƙaramin zarto mai ƙasa da cc 50 zai iya da siraran itatuwa kaɗai, in aka matsa masa ya yi zafi ya ƙone. Mai cc 70 zai ɗauki matsakaicin gungume. Wanda ya wuce haka sai irin Stihl MS 661 mai cc 91 ko Husqvarna 395 XP mai kusan cc 94, manyan gumagumai kuwa sai MS 881 mai sama da cc 120. Taurin itace ma na cikin lissafi: injin da ke ratsa malaina cikin sauƙi zai galabaita a kan kawo ko maɗaci mai faɗi ɗaya da ita. Kafin a biya kuɗi a tabbatar akwai kayan gyaran wannan samfurin da makanikensa a kusa, a kuma yi hattara da jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani.

Sai sarƙa, wadda ita ce mafi arha kuma ita aka fi rainawa. Haƙoran sarƙar yanka ana wasa su a karkace da kusan digiri 30, na sarƙar tsaga kuwa digiri 10 ne, shi ya sa take barin fuskar falanki sumul. Ƙasar da ta maƙale a ɓawo na dakushe ta nan da nan, saboda haka a tanadi sarƙa fiye da ɗaya da abin wasa haƙora. Dogon takobi yana son ƙarin tankin mai a ƙarshensa, domin man da injin ke turawa ba ya isa can. Bayan an gama da waɗannan ne ake duba firam. Idan itacen ya faɗi inda mota ba ta shiga, ko ya fi ƙarfin ɗagawa, Alaskan ce daidai, tunda ita ake kai wa gungume; sai dai yankan farko na buƙatar miƙaƙƙen tsani da za a kafa a sama, kuma duk karkatar da ya yi za ta bi sauran falankan. Idan gumaguman matsakaita ne masu yawa a wuri guda, bencin ya fi sauri, ya kuma fi tausaya wa baya.

Wani zai ce masu zarto a dazukan Taraba da kudancin Najeriya sun daɗe suna fitar da katako da hannu zalla, to firam ɗin na mene ne? Gwanintarsu gaskiya ce, amma kafinta ya san abin da yake asara wajen goge falankin da kaurinsa ya bambanta daga kai zuwa gindi, kuma aiki da bakin takobi shi ke jawo zarto ya yi tsalle ya dawo kan mai shi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne ɓarna. Sarƙa na mayar da milimita 8 zuwa 10 gari a kowane yanka, injin mai siririn zarto irin na bel kuwa kusan 3 yake ci. Wannan ba abin musu ba ne, kuma shi ke nuna iyakar na'urar: ta dace da kaurarran falankai da ginshiƙai da itacen da ya faɗi a lungu, amma mai son sirara da yawa don kasuwa ya tara kuɗi ya sayi wancan injin.

Akwai kuma doka, wadda dole a bincika tun kafin saye. Ghana ta haramta fitar da katakon sayarwa da zarton sarƙa tun 1998, madobiya kuma ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017, bayan saran da ya kusa ƙarar da ita a Afirka ta Yamma. A Najeriya izinin sare itace na hannun ma'aikatar gandun daji ta jiha, kuma can ya kamata mai saye ya fara zuwa ya ji waɗanne itatuwa aka yarda ya taɓa, domin su ne zai auna.